Idan kanel ɗin Linux ba ta hana ƙaramar buƙatar memori, duba NULL ɗin na mene ne?

ɗan_Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta ƙaramin direba na Linux, wato kod ɗin da ke haɗa kanel (zuciyar tsarin) da na'ura, don wata na'urar auna zafin batir da muke jonawa da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta layin sadarwa na I2C. Duk inda na kira kmalloc don neman memori a wurin kanel sai na duba ko ya dawo da NULL, wato babu, in saki abin da na riga na karɓa, in mayar da -ENOMEM, lambar kuskuren rashin memori. Jiya wani yayana da ya daɗe a harkar ya leƙa kod ɗin, ya ce wahalar banza nake yi. Wai muddin GFP_KERNEL, tutar neman memori ta yau da kullum, nake sa wa kuma buƙatar ƙarama ce, kanel ba za ta taɓa hana ni ba, gara ta kashe wata manhaja ta ba ni. Buƙatata mafi girma bayit 256 ce. Don Allah haka abin yake? In haka ne, me ya sa kowane direba da na buɗe yana dubawa?

injiniya_Tudun_Wada: Wa alaikumus salam. Yayanka ya faɗi rabin gaskiya. Kanel tana raba memori shafi-shafi, a yawancin injina shafi ɗaya 4KB ne. Buƙatu kuma mataki-mataki ne: mataki 0 shafi ɗaya, mataki 1 shafi biyu, mataki 3 shafi takwas a jere, wato 32KB. Akwai wata iyaka a cikin kod ɗin da ake kira PAGE_ALLOC_COSTLY_ORDER, an ajiye ta a 3. Duk buƙatar da ba ta wuce nan ba, in da GFP_KERNEL ka zo, kanel za ta yi ta fafutuka. Ta tashi kswapd mai ƙwato memori, ta ƙwato shafuka da kanta, ta tura wasu suwaf, wato wurin ajiya a faifai, in duk bai isa ba ta kira makashin OOM (mai kashe manhaja idan memori ya ƙare) ya kashe wata, sannan ta sake gwadawa. To amma wannan hali ne kawai da aka saba gani, babu inda aka rubuta shi a matsayin alƙawari. Abin da aka yi wa alƙawarin ba zai faɗi ba shi ne __GFP_NOFAIL kaɗai. Kada ka cire dubawarka, ƙanina.

Bakatsiniya_dev: Ƙari a kan na Injiniya. Akwai lokacin da bayit 256 ɗin ma zai dawo NULL: idan aikin da ya shigo cikin direbanka shi ne wanda makashin OOM ya zaɓa. An riga an aika masa SIGKILL, saƙon kisa, kanel ba za ta bar shi yana zagaye har abada ba. Ta ba shi ɗan abin da ke ajiye, in bai isa ba ta ce babu. Kai kuma in ba ka duba ba, ka taɓa NULL a cikin kanel, sai oops, wato kanel ta yi tuntuɓe ta kashe aikin. In a lokacin kana riƙe da makulli, abin da ke hana aiki biyu taɓa abu ɗaya a tare, duk wanda ya zo bayanka ya maƙale.

Sabo_Gari_Linux: Injiniya, gyara kaɗan. Raspberry Pi 5 da kanel ɗinsa na asali shafin 16KB yake amfani da shi, ba 4KB ba. Don haka mataki 3 a can 128KB ne. ɗan_Fagge, buga getconf PAGESIZE ka gani.

ɗan_Fagge: Nawa Pi 4 ne, ya nuna 4096. Na gode yallabai.

malam_Damagaram: Ni wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina ganin yayan ɗan_Fagge ya fi kusa da gaskiya fiye da yadda kuke ba shi. Ku duba FreeBSD, wani tsarin irin Linux. Can abu biyu ne a fili: M_NOWAIT, wanda zai iya dawo maka da NULL, da M_WAITOK, wanda aka rubuta ƙarara cewa ba ya dawo da NULL, don haka ba a dubawa. Solaris ma haka, KM_SLEEP da KM_NOSLEEP. Mai rubuta kod ya san inda ya tsaya. A Linux kuwa an ce maka ka duba, ka rubuta hanyar komawa baya, amma hanyar nan kusan ba a taɓa bin ta. Dubban layuka ne a cikin kanel da ba wanda ya taɓa ganin sun gudana. Kod ɗin da ba a gwada ba ai ba kariya ba ne, rijiya ce da aka rufe da tabarma. Ranar da aka faɗa kanta sai a tarar tana sakin abu sau biyu ko ta bar makulli a kulle.

injiniya_Tudun_Wada: Malam, wannan cacar an yi ta tsakanin masu kanel ɗin kansu a ƙarshen 2014. Tetsuo Handa ne ya yi ta nuna yadda inji ke sandarewa gaba ɗaya idan memori ya ƙare. Yadda abin ke faruwa: wani aiki yana riƙe da makullin tsarin fayil, a misalinsa XFS, ya nemi ɗan memori, babu. Aka kira makashi, ya zaɓi wani aiki daban. Shi wanda aka zaɓa ɗin kuma yana tsaye yana jiran makullin da na farko ke riƙe da shi, don haka ba zai iya mutuwa ya saki memorinsa ba. Na farko yana jiran na biyu ya mutu, na biyu yana jiran na farko ya saki makulli, makashi kuma ba zai zaɓi wani ba tunda yana ganin aikinsa na kan hanya. A cikin wannan muhawara ce Michal Hocko ya bayyana cewa ƙananan buƙatu a aikace ba sa faɗuwa, Dave Chinner mai kula da XFS a lokacin kuma ya nuna ɓacin ransa, domin su tun farko sun rubuta kod ɗinsu ne a kan za a iya hana su.

malam_Damagaram: To ka gani. Manyan da kansu ba su san ƙa'idar ba.

injiniya_Tudun_Wada: Bari in ƙarasa. A kanel 3.19, farkon 2015, wani canji ya sa ƙananan buƙatu masu GFP_NOFS, tutar da tsarin fayil ke nema da ita, suka fara faɗuwa da gaske, ba da niyya ba. Nan da nan tsarin fayil na ext4 ya fara ba da kurakurai idan an matsa wa inji, aka yi saurin mayar da tsohon hali. Wannan ya ba ka gaskiya ta wani ɓangare, hanyoyin komawa baya ba su nuna ba. Amma maganin da aka bi ba cire dubawa ba ne. A 4.6, shekarar 2016, aka kawo oom_reaper, wani zaren kanel da ke zuwa ya kwashe memorin wanda aka yanke wa hukunci tun kafin ya gama mutuwa. Ko yana maƙale a bakin makulli, shafukansa sun dawo hannu.

Hajiya_Saba: Ku masu rubuta direba kuna maganar bayit, mu masu kula da saba mu ne muke shan dukan. A bara ina kula da wata ƙaramar saba ta haya, RAM 2GB babu suwaf, tana ɗauke da shafin rajistar ɗalibai na wata makaranta. Daren da za a rufe rajista, wajen ƙarfe sha ɗaya, waya ta fara ƙara. Shafi ya daina buɗewa. Na shiga da kyar, na buga dmesg don in ga saƙonnin kanel, sai ga layin nan da ja: Out of memory: Killed process, ga sunan postgres, wato PostgreSQL manhajar rumbun bayanai, a gabansa. Ba uwar ba ce ma aka kashe, wato babban aikin da ke tada sauran, ɗaya daga cikin 'ya'yanta ne, amma PostgreSQL in aka kashe mata ɗa ɗaya da SIGKILL sai ta yanke duk haɗin da ke akwai ta sake tashi, don ba ta yarda da abin da ke cikin memorin tarayya ba kuma. Ɗalibai suna tsakiyar cike fom, komai ya koma farko. Abin da ya ƙona mini rai, masu cin memorin na gaskiya wasu ayyukan PHP ne guda arba'in, kowanne ɗan kaɗan. Makashin yana duba wanda ya fi girma ne shi kaɗai, bai san wanda ya jawo fitinar ba.

Zazzau_root: Hajiya, sannu. oom_score_adj fa, makin da ke gyara wanda makashi zai zaɓa? Daga -1000 zuwa 1000 yake. Ki ba uwar postgres -1000 ba zai taɓa ta ba, littafin PostgreSQL ɗin kansa ya ba da wannan shawara.

Hajiya_Saba: Na yi daga baya, Malam. Amma na ce maka ɗa aka kashe ba uwa ba. In kuma ka kare su duka, makashin zai koma kan sshd ne, ƙofar shiga sabar daga nesa, ko wani abin da za ka fi kuka a kansa. Abin da ya raba ni da matsalar shi ne rage adadin ayyukan PHP, da ƙara suwaf, da sa su cikin cgroup, wato rukuni nasu, da iyakar memory.max. In za su ci, su ci junansu a cikin ɗakinsu.

abu_Hanifa_99: Ni ban gane ba. Me ya sa ma za a kai ga kisa? Manhaja ta kira malloc ta nemi memori, babu, a ce mata babu. Shi ke nan.

Bakatsiniya_dev: Saboda Linux tana yin alƙawarin abin da ya fi ƙarfinta. Idan manhaja ta kira malloc na 1GB, adireshi kawai ake ba ta, ba a ba ta shafi ko ɗaya ba sai ranar da ta rubuta a ciki. Yawancin manhajoji ba sa cinye abin da suka nema, kuma fork, kiran da ke haifar da sabon aiki, yana kwafe aiki gaba ɗaya a takarda alhali kaɗan ne za a taɓa. Kamar mai adashin da ya san ba kowa ne zai zo neman kuɗinsa rana ɗaya ba. Matsalar ita ce ranar da suka zo. A lokacin manhaja ba ta cikin wani kira da za a mayar mata da kuskure, rubutu kawai take yi a adireshin da aka riga aka ce nata ne. Babu ƙofar da za a ce mata a'a. Sai dai a kashe wani.

Zazzau_root: Akwai vm.overcommit_memory. 0 shi ne na asali, kanel tana ƙiyasi. 1 kowa ya nema a ba shi. 2 babu bashi.

Gidan_Rumji: A yi hattara da 2 ɗin nan. Na taɓa sa shi ban karanta ba. Iyakar ita ce suwaf a haɗa da wani kaso na RAM, kason kuma overcommit_ratio ne, wanda yake 50 tun asali. Inji mai 2GB babu suwaf, ka ga iyaka ta zama 1GB. Umarnin free yana nuna mini memori a zube, amma ko ls na buga sai bash ya ce fork: Cannot allocate memory. Sai da na sake kunna injin daga allon kamfanin haya. Kuma Redis shi 1 yake so saboda fork ɗin da yake yi lokacin ajiya, PostgreSQL kuma 2. In suna inji ɗaya sai ka zaɓi wanda za ka ɓata wa.

malam_Damagaram: Windows ba ta wannan bashin. Tana da iyakar alƙawari, RAM da fayil ɗin shafuka, in an kai nan buƙata ta faɗi. A cikin kanel ɗinta ma ExAllocatePool2 yana dawo da NULL, kuma tsohon wurin ajiyar nan na "dole a samu" sun hana direbobi amfani da shi tuntuni. Ba yabon Microsoft nake ba, amma mai ordinatar ya san abin da zai same shi.

ummu_Aisha_IT: Tambaya daga gefe, ku yi haƙuri. Wannan ne dalilin da ya sa a wayata mai RAM 2GB, in na fita daga manhajar banki don in kwafo lambar da aka turo ta saƙo, in na dawo sai ta fara daga farko?

Sabo_Gari_Linux: Ɗan'uwansa ne, Hajiya. Android ba ta jira makashin kanel, don kafin ya motsa waya ta riga ta sandare. Tana da nata mai suna lmkd. Da a cikin kanel yake, aka cire shi a 4.12, ya koma aiki na waje. Kowace manhaja tana da maki: wadda ke gabanki 0, wadda kika bari yanzu-yanzu 700, waɗanda aka jingine a baya 900 zuwa sama. In matsi ya zo, daga sama yake farawa. A waya mai 2GB kuwa layin gajere ne, nan da nan ya iso kan ta 700. Daga Android 10 yana amfani da PSI, ma'aunin da Facebook suka kawo cikin kanel 4.20 a 2018, wanda ke auna tsawon lokacin da ayyuka suka ɓata suna jiran memori. Ki gwada kwafo lambar daga sanarwar da ke saukowa ta sama ba tare da kin fita ba.

ummu_Aisha_IT: Allah Ya saka da alheri. Shekara biyu ina zargin netwok.

Gidan_Rumji: PSI ɗin nan ne systemd-oomd ke bi, wanda Fedora 34 ta kunna a 2021, Ubuntu 22.04 ma ta biyo. Mutane sun yi ƙorafi a farko don yana rufe musu burauza ba sallama. Duk da haka ni na fi son sa a kan kwamfuta ta yi minti goma fitilar faifai na ci, linzami ba ya motsi.

injiniya_Tudun_Wada: Mun yi nisa da tambayar yaron nan. ɗan_Fagge, duk abin da aka faɗa a sama na GFP_KERNEL ne, wanda aka yarda ya yi barci ya jira. Idan kana cikin mai amsa katsewa, wato kiran gaggawa daga na'ura, ko kana riƙe da makullin spinlock, ba ka da izinin barci, sai GFP_ATOMIC. Shi wannan ba ya jira, ba ya kiran makashi. An ba shi damar taɓa ajiyar gaggawa da vm.min_free_kbytes ke tsarewa, in ta ƙare ya dawo NULL nan take, ko bayit 32 ka nema. Wannan faɗuwar ta yau da kullum ce.

Kantin_Kwari_net: Shaida ni. Muna da wata tsohuwar rauta mai 128MB a shago. In ta yi mako biyu a kunne sai dmesg ya cika da page allocation failure: order:2. Memori akwai kusan 30MB, amma buƙatar 16KB ta gagara. Na buɗe /proc/buddyinfo, ginshiƙan hagu cike da ɗaruruwa, na dama sifili ne har ƙarshe. Kamar motar haya ce mai kujera goma babu kowa, amma ɗaiɗai suke a warwatse, ga iyali mutum huɗu sun ce sai a jere za su zauna. Kanel tana iya matsar da fasinjoji ta haɗa wuri, tun 2.6.35 aka kawo wannan, amma mai GFP_ATOMIC ba shi da lokacin jiran a matsa. Abin da ya burge ni, rautar ba ta faɗi ba. Direban ya jefar da fakitin, ya ƙara ɗaya a lissafin waɗanda suka zube, TCP ya sake turowa. Masu shago ko sani ba su yi ba.

Bakatsiniya_dev: Wannan shi ne amsata ga malam_Damagaram. Hanyar komawa baya da ake bi kullum lafiyarta ƙalau. Wadda ba a bi kuma akwai yadda za a tilasta bin ta. ɗan_Fagge, haɗa kanel da CONFIG_FAILSLAB, mai sa buƙatu su faɗi da gangan, ka shiga /sys/kernel/debug/failslab. Sa probability, sa times ya zama -1. Kada ka manta da ignore-gfp-wait, a kunne yake zuwa, in ba ka mai da shi N ba ba zai taɓa buƙatun GFP_KERNEL ba, ka zaci kod ɗinka ya ci jarrabawa. Kunna task-filter kuma, don kada ya rusa maka injin duka. Akwai failcmd.sh a cikin tools/testing/fault-injection da ke haɗa maka wannan a umarni ɗaya. Kuma tunda a probe kake yawan nema, wato lokacin da direba ya fara kama na'urar, yi amfani da devm_kzalloc, kanel ce za ta saki da kanta in probe ya faɗi.

malam_Damagaram: Na yarda kayan gwajin suna nan, Hajiya. Mutum nawa ne ke kunna su? Kuma akwai wuraren da babu hanyar komawa ko kana so. Tsarin fayil yana tsakiyar rubuta jarida, ya canza rabi, ina zai koma? Shi ya sa aka bar __GFP_NOFAIL, shi ya sa kuma ɓangaren faifai ke tanadin mempool, wato memorin ajiya, tun da wuri, don rubuta shafi zuwa faifai domin a sami memori shi ma yana buƙatar memori. Ni ra'ayina, a fito a ce ƙaramin GFP_KERNEL ba ya faɗuwa, a rubuta, a huta.

injiniya_Tudun_Wada: In an rubuta an ɗaure hannun masu gyara har abada, Malam. Ko da aka zo shigar da harshen kod na Rust cikin kanel, a 2021 Linus Torvalds, jagoran Linux, ya ƙi yarda da duk tsarin da zai sa kanel ta firgita ta tsaya don an rasa memori. Shi ya sa a Rust na kanel kowace buƙata tana ɗauke da tutar GFP kuma tana dawo da sakamakon da dole ka duba. Alƙiblar ke nan.

ɗan_Fagge: Na dawo da rahoto. Na kwana biyu ina haɗa kanel, na kunna failslab yadda Anti Bakatsiniya ta ce. Loda direba na uku injin ya yi oops. Laifin a cikin hanyar komawa bayan da nake taƙama da ita yake: in buƙata ta biyu ta faɗi, goto ɗina yana tsallakawa zuwa layin da ke kiran free_irq, alhali ban riga na nemi katsewar ba, daga nan ya saki wani ma'aji da ban cika ba tukuna. Na jera alamomin goto a juye, na ƙarshen karɓa shi ne na farkon saki, sauran na mayar devm. Na kuma tarar ina kiran kmalloc a duk lokacin da na'urar ta aiko da karatu, na mai da shi ma'aji ɗaya da ake tanada a probe. Yanzu loda ɗari biyu babu oops. checkpatch, mai duba salon kod, kuma ya ce in cire saƙon "babu memori" da nake bugawa, wai kanel tana buga nata.

malam_Damagaram: Masha Allah. Amma ka lura, da ka bi maganar yayanka ba ka rubuta hanyar ba, da wannan kuskuren bai wanzu ba.

Bakatsiniya_dev: Da ya wanzu a wani siffa, Malam, NULL ne zai taɓa kai tsaye.

Hajiya_Saba: ɗan_Fagge, na'urar batir ce ka ce, ba wanda zai zauna gabanta. Ka yi tunanin vm.panic_on_oom tare da kernel.panic=10, in memori ya ƙare ta sake tashi bayan daƙiƙa goma maimakon ta zauna rabi a raye. Ni dai a saba ba na sa shi. Akwai wanda ya gwada shi a Pi da katin SD? Tsorona kada yawan sake tashin ya lalata fayilolin da ke kan katin.